Daga Tunga Zuwa Majalisa: Matsayin Manomi a Zauren Dokokin Jiha

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Zamfara, musamman a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, da wuya a sami gidan da ba a jingine fartanya a cikinsa ba. Malami manomi ne, maƙeri manomi ne, ɗan kasuwa ma idan damina ta faɗi yakan rufe rumfa ya nufi gona. Saboda haka idan lokacin zaɓe ya zo, mafi yawan ƙuri'un da ake jefawa a garuruwa irin su Damaga da Faru da Gora da Janbako, hannun manoma ne yake jefa su. Abin tambaya a nan shi ne, tun da manomi ne yake zaɓe, me ya sa ba kasafai ake jin muryarsa ba a wurin da ake yanke hukunci a kan gonarsa? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi rayuwar manomin da ya sari daji ya kafa tunga, ta duba irin ilimin da wannan rayuwa take koya masa, sa'an nan ta nuna cewa majalisar dokokin jiha tana bukatar irin wannan mutum, kuma rashin sauraren irinsa ya taɓa jawo asarar rayuka a wannan yanki.

Rayuwar Mai Saran Daji

A al'adar Bahaushe, yaro yakan tashi ne a cikin gandun mahaifinsa, yana noma tare da 'yan'uwansa, a ware masa 'yar gayauna wadda zai riƙa dubawa idan an tashi daga aikin gandu. Idan iyali suka yi yawa, gonakin gado suka kasa, sai wani mai ƙarfin zuciya daga cikinsu ya je wurin mai gari ya nemi iznin saran daji. Da rani zai yi sassabe, ya tara ƙirare ya ƙone, amma ba zai taɓa ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya ko kuka ba, domin ya san su ne miyar gidansa da kuma abin da matansa za su kai kasuwa. Zai kafa bukka, ya haƙa rijiya, ya yi fama da namun daji da tsuntsaye har Allah ya kai shi kaka. Idan aka ga rumbunsa ya cika, sai dangi da abokai su biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Ta haka ne aka sami ɗimbin ƙauyukan da sunayensu suka fara da Tungar wane ko Gidan wane, wato sunan mutumin da ya fara saran wurin ne ya bi garin.

Abin lura shi ne, daga ranar da mutum na biyu ya sauka kusa da shi, mai saran daji ya zama shugaba ko yana so ko ba ya so. Shi ne zai nuna wa baƙo inda zai sara, ya raba iyaka tsakanin gona da gona, ya san wace ƙasa ce jigawa mai son gero, wace ce laka mai son dawa, wace fadama ce take riƙe ruwa har ta ba da shinkafa. Shi ne zai zauna da arɗon Fulani su daidaita a kan burtali da mashaya, su yi alkawarin lokacin da za a saki shanu su ci kara su bar taki. Shi ne zai kira gayya idan noma ya fi ƙarfin wani, kuma ƙofarsa ake bugawa da bazara idan hatsi ya ƙare ko iri ya yi wuya. Idan ƙwazonsa ya kai ya noma dame dubu, akan naɗa shi Sarkin Noma, sarautar da ba ta tabbata ga marowaci, domin jama'a suna sa ran wanda ya tara zai rabar. Makaɗan noma irin su Amali Sububu da Muhammadu Bawa Ɗan'anace sun yi fice ne wajen wasa irin waɗannan mazaje, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙinsu zai ga cewa juriya da kyauta su ne ma'aunin da suke auna manomi da shi.

Idan mai karatu ya dubi waɗannan ayyuka da idon basira, zai ga cewa su ne dai ayyukan ɗan majalisa, sai dai a ƙaramin fage: rabon ƙasa, da sasanta masu bukatu mabambanta, da tanadi domin shekarar fari, da sanin abin da talaka zai iya ɗauka da wanda zai karya shi. Wannan ilimi ne da ba a ba da takardar shaidarsa, amma kuskure a cikinsa yunwa ce sakamakonsa, don haka mai shi ba ya wasa da shi.

Darasin Bakolori

Babu wani abu da ya fi nuna illar yin watsi da wannan ilimi kamar tarihin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, kuma kuɗin man fetur suna shigowa, sai gwamnatin tarayya ta ƙuduri aniyar yin manyan ayyukan ban ruwa a Arewa. Aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka kammala ginin madatsar a 1978. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000, kuma an shimfiɗa kayan ban ruwa a fili mai faɗin kimanin hekta 23,000. A takarda aiki ne mai ban sha'awa: manomin da yake noma sau ɗaya a shekara zai koma noma sau biyu, a sami alkama da shinkafa da tumatir.

Amma a ƙasa labarin ya sha bamban. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi mutane fiye da 13,000, har da mutanen tsohon garin Maradun, aka mai da su inda ƙasar noma ba ta kai wadda suka bari ba. A cikin filin ban ruwa kuwa, an hana mutane shuka na tsawon damina biyu ko uku ana baje ƙasa da manyan motoci, aka tumɓuke itatuwan da kakanni suka bari, aka shafe iyakokin gonaki. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo kuma mutane da yawa suka ce ba ta kai ba. Su kuwa mazauna ƙasan madatsar, ambaliyar da take shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu ainun, har masu noman shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, masunta kuma suka rasa kifi. Wani masani Bature mai suna W. M. Adams ya yi bincike mai zurfi a kan wannan asara ta mutanen fadama. Duk wani dattijon manomi da aka tambaya tun farko zai iya faɗin cewa wanda ya tare gulbi a sama ya taɓa tukunyar na ƙasa, amma ba shi aka tambaya ba. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ranar 1 ga Oktoba 1979 aka koma mulkin farar hula. Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamnan Jihar Sakkwato, wadda a lokacin ta haɗa da Zamfara da Kabi, aka kuma buɗe majalisar dokokin jiha wadda jam'iyyar NPN take da babban rinjaye a cikinta, 'yan GNPP suna tsiraru. Wato dai jam'iyya ɗaya ce take riƙe da tarayya da jiha da majalisa. A daidai wannan lokaci ne manoman Bakolori, da haƙurinsu ya ƙare, suka shiga tare hanyoyi suna hana aiki har sai an biya su. A ƙarshen watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, amma mutanen wurin da masu bincike da dama sun ce sun kai ɗaruruwa. Masani Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana daga cikin waɗanda suka rubuta tarihin wannan rikici.

Mai yiwuwa wani ya ce ai madatsar ta gwamnatin tarayya ce, 'yan sanda ma na tarayya ne, don haka babu ruwan majalisar jiha. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Ƙasar da aka karɓa ta mutanen jihar ce, kuma doka ta damƙa amanarta a hannun gwamna, majalisa kuwa an kafa ta ne domin ta sa ido a kan gwamna. Tsakanin buɗe majalisar da ranar da aka yi harbi akwai kusan wata bakwai. Ko me aka faɗa a cikin zauren a waɗannan watanni, bai kai ga sa an biya manoma ba, bai kuma hana zubar da jini ba. Manomin da ya ga yana da bakin da zai isar da kukansa ba ya kwana a kan hanya yana tare motoci.

Misali Daga Amurka

Domin a ga cewa manomi yana iya sauya doka idan ya shiga majalisa, ya kamata a leƙa tarihin wata ƙasa. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ba duk wanda ya zauna a sabon fili ya noma shi shekara biyar damar mallakar eka 160. Ba za a manta ba cewa filayen nan an ƙwace su ne daga hannun mutanen asali na ƙasar, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa. Amma abin da ya shafi wannan maƙala shi ne abin da ya biyo baya. Manoman da suka sari waɗannan filaye sun tarar cewa kamfanonin jirgin ƙasa da masu rumbunan ajiyar hatsi suna yanka musu kuɗi yadda suka ga dama, har wahalar shekara takan ƙare a hannun mai ɗaukar kaya. Sai suka haɗa kai a ƙungiyar da ake kira Grange, wadda aka kafa a 1867, suka riƙa tura 'yan'uwansu manoma da masu goyon bayansu majalisun jihohi. A farkon shekarun 1870 jihohin Illinois da Iowa da Wisconsin da Minnesota suka yi dokokin ƙayyade waɗannan kuɗaɗe, kuma a 1877 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da cewa jiha tana da ikon yin haka. Mafi yawan waɗannan mutane ba su yi zurfin karatu ba. Abin da suka riƙe shi ne sanin inda kaya yake musu nauyi, da kuma ƙungiya wadda take tura mutum ta kuma bi shi da tambaya.

A nan gida ma an ga yadda hukunci ɗaya yake taɓa rayuwar talaka, lokacin da gwamnonin PRP na Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a 1979.

Shingayen da Ke Tare Manomi

To, me ya hana manomin Damaga ko na Bakura bin wannan hanya? Akwai shingaye guda uku. Na farko shi ne takarda. Sashe na 106 na Tsarin Mulkin 1999 ya shar'anta cewa mai neman kujerar majalisar jiha ya kasance ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da lissafinsa da ajami, ya kuma shekara talatin yana raba gardamar iyaka, yana iya rasa shiga saboda wannan sharaɗi, alhali ɗan cikinsa da bai san bambancin firi da maimai ba ya wuce.

Na biyu shi ne harshe, kuma wannan ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Sashe na 97 ya ce za a gudanar da aikin majalisar jiha da Ingilishi, amma majalisa tana iya yanke shawarar ƙarawa da wani harshe da ake magana da shi a jihar. Ashe ke nan ƙofa a buɗe take. Tun a zamanin Jihar Arewa ma, da Hausa da Ingilishi ake muhawara a majalisar Kaduna. Sai dai muhawara da baki kawai ba ta wadatar ba muddin daftarin doka da kundin kasafin kuɗi suna cikin harshen da mai jefa ƙuri'a ba ya ji. Fassara su da samar da kalmomin da za su ɗauki ma'anarsu aiki ne da yake jiran waɗanda suka karanci harshe a jami'a.

Na uku, wanda ya fi sauran tsauri, shi ne kuɗi. Alal misali, a 2022 jam'iyyar APC ta sa naira miliyan 2 a kan takardun neman tsayawa takarar majalisar jiha, kuma wannan somin taɓi ne a kan abin da yaƙin neman zaɓe yake ci. Manomin da ba shi da wannan hali dole ya nemi ubangida, wanda kuwa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ta haka ne ake samun wakilin da jama'a suka zaɓa amma wani yake yi wa aiki.

Wajibi ne kuma a faɗi wata gaskiya mai ɗaci, wato ba duk wanda ya kira kansa manomi ne yake jin ciwon manoma ba. Akwai manomin birni, wanda ya sami ɗaruruwan hekta ta hanyar sanayya, bai taɓa duƙawa a cikinsu ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ɗaya har hekta 500 domin noma, ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, diyya kuwa a kan amfanin gona da gini da makamantansu take, ban da ita ƙasar kanta. Irin wannan doka takan zama tsani ga mai hanya, ta zama rami ga marar galihu. Haka kuma fitowa daga yanki ɗaya ba ta isa hujja ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, wannan yanki ya ba da gwamnoni uku: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan. Duk da haka, injinan feshin ruwa da aka kafa a mafi yawan filin Bakolori sun daɗe da tsayawa, kuma sai da aka jira shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 kafin a shiga babban gyaran magudanun ruwan. Wannan ya nuna cewa abin da manomi yake bukata ya wuce ɗan gari a kan kujera.

Abin da Ake Bukata Daga Wakilin Manoma

Majalisar dokokin Zamfara tana da kujeru 24, biyar daga cikinsu na wannan yanki ne: biyu na Talata Mafara, biyu na Maradun, ɗaya na Bakura. Gaskiya ne majalisar jiha ba ta da ikon gyara dokar ƙasa ta 1978, domin an ɗaure ta a cikin Tsarin Mulki. Amma ita ce take amincewa da kasafin kuɗi, kuma sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda ake kashe su. Wakilin da ya san gona zai tambayi ranar da takin zamani ya isa ƙauye, domin ya san takin da ya zo bayan dawa ta yi bununi ba shi da amfani ga mai shuka. Zai nemi a bayyana wa jama'a sunayen waɗanda aka ba dazuzzuka da faɗin abin da aka ba su. Zai matsa a shata burtali da makiyaya a kuma kiyaye su, kamar yadda dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta nufa, domin ya san toshe hanyar shanu yana daga cikin abubuwan da suka hura wutar da take cin Zamfara tun wajen 2011. Abin takaici ne a ce Sububu, wadda a da sunan makaɗin manoma ake tunawa idan an ambace ta, ta koma ana ambatonta da dajin 'yan bindiga, kuma tungayen da aka kafa da gumi da yawa sun zama kufai, wasu manoman ma sai sun biya kuɗi kafin a bar su su shiga gonakinsu.

Har ila yau, bai kamata a ɗauka cewa ana kiran a kori masu ilimin zamani daga majalisa ba ne. Doka tana bukatar lauya, kasafi yana bukatar mai lissafi. Abin da ake cewa shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majalisar da ta cika da 'yan kwangila da tsofaffin ma'aikata, babu mai kanta a tafin hannu ko ɗaya, za ta yi ta maimaita kuskuren waɗanda suka zana Bakolori a kan takarda. Hanya mafi kusa ita ce manoma su yi abin da takwarorinsu na Amurka suka yi, wato ƙungiyoyinsu, irin na masu shan ruwan Bakolori da na manoman shinkafa da auduga, su daina zama wurin jiran rabon taki kawai, su riƙa tsai da mutum daga cikinsu, su haɗa masa kuɗin takara kamar yadda ake haɗa gayya, sa'an nan kowace kaka su kira shi dandali ya ba da bayanin abin da ya yi.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa mutumin da ya sari daji ya tara jama'a ya riga ya koyi mulki tun kafin ya ga ƙofar majalisa, kuma tarihin Bakolori shaida ne a kan abin da yakan faru idan aka yanke hukunci a kan ƙasa ba tare da masu ita ba. Takarda da harshe da kuɗi su ne suka tare masa hanya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin gyara. Nauyin da ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban Hausa kashi biyu ne: su mai da harshen doka ya zama wanda manomi zai fahimta, su kuma shiga ƙauyuka su tattara tarihin masu kafa tungaye da na waɗanda suka ga abin da ya faru a 1980 daga bakin dattawan da suka rage, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu. Allah ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, ya mai da manomi gonarsa, amin.